Majigin da Ya Kashe Falalu

Ku tambayi duk wanda kuka ga dama a Roni, wanne ya fi ban tsoro tsakanin majigin fatalwa na farko da na biyu, dariya kawai zai yi muku. Na farko ai shi ne majigi, in ji su, na biyun kuwa ko ɗan goye bai motsa ba. Ni Lailatu ban yarda da su ba, kuma ku da kuke bin labarina ku za ku raba mu. Ku dai yi haƙuri da ni, akwai inda in na zo sai na tsaya na share fuska.

Ga wanda yau ya fara zama da mu, ni 'yar Malam Na'Allah ce, malamin hakimi, mutumin da ko tari zai yi sai ya gyara zaman rawaninsa. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe, kakata ta wajen uba ita ta raine ni. Ya Kaka muke ce mata, don daga Barno aka kawo ta tana yarinya, kuma har gobe in ranta ya ɓaci Hausa ƙwace mata take yi. Wanda nake so kuwa Falalu ne, yayan ƙawata Saude. Da damina ya noma gyaɗa, da rani ya bi jakuna zuwa Babura. Bai ajiye komai ba sai wushirya da dariya, kuma ni sun ishe ni.

A shekarar da zan ba ku labari, Turawa suka zo da akwatin ɗaukar hoto. Wai majigi za su haɗa a kan agana, don mutane su daina gudu daji in masu lambar rigakafi sun shigo gari. Suna neman wanda zai yi taurin kai a hoton, ya ƙi lamba, cutar ta kama shi. Samarin gari kowa ya noƙe. Falalu kuwa, da yake komai na duniya wasa ne a wurinsa, sai ya ɗaga hannu. Suka tafi da shi bayan duwatsu suka yi abin da za su yi, ba wanda ya gani.

Bayan 'yan makonni ya zo zance da la'asar, da ƙunshi a hammata. Na fito zaure na tsaya jikin ƙofa ina wasa da bakin mayafi, kamar ba ni ce tun azahar nake leƙen hanya ba.

“Rufe idonki,” in ji shi.

“In rufe ka gudu da awarwarona?”

“Awarwaron da Ya Kaka ta ba ki aro? Rufe dai.”

Da na buɗe, zane ne a hannuna. Baƙi wuluk, an tsoma shi a baba ya sha, an kai mabuga an buge shi har yana ɗaukar ido. Ƙamshin marina bai ma sake shi ba. Wallahi ban taɓa riƙe zane mai nauyinsa ba.

“Ina ka samo alawayyo mai kyau haka?”

“Ladan aikin Bature ne. Da muka gama ya ce in ɗauka. Na ce wannan fari ne da yawa, Lailatu ba ta son abin da zai nuna datti.”

Na harare shi, ya yi dariya, ni ma na yi. Ban tambayi me Bature ya yi da alawayyon ba. Shi ma bai ga abin faɗa ba.

Sai da kaka ta yi, aka ɗaure gero, sannan mai shela ya zaga gari cewa motar majigi ta sauka a ƙofar hakimi, kowa ya fito bayan magariba. Ranar tun hantsi Saude ta yi min kitso, ta ja min kai har sai da na rantse ba zan ƙara zama gabanta ba. Na sa kwalli, lallena ya kama ja jawur, na ɗaura zanen Falalu, na ɗora fatala mai ruwan ƙwai, na zuba murjanin Ya Kaka a wuya. Ita kanta da ta dube ni sai da ta ce, “Ja'ira, kamar 'yar mutane.” A bakinta wannan yabo ne babba.

An kafa farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, dogo, har yana share ƙasa. Maza a dama, mata a hagu, yara a gaba kamar fara. Malam Halliru, mai yi wa majigi bayani, ya riƙe abin magana, muryarsa tana fita ta lasifika kamar daga cikin rijiya. Da Falalu ya bayyana a ƙyallen, fili ya ɗauki ihu. Ga shi yana kaɗa kai ga mai lamba, ga shi ya tsallake danga ya shige dawa. Muka yi ta dariya, Saude tana dukan cinyata.

Sai dariya ta fara raguwa. Ga shi kwance, ƙuraje sun rufe masa fuska. Ga mutum huɗu ɗauke da makara. Ba wanda ya gaya mana za a kai nan. Malam Halliru ya sassauta murya ya ce, “Jama'a, an kai shi. Amma wanda ya jawo wa gari cuta, kuna tsammani zai kwanta?” Aka nuno makarar a ƙarƙashin kuka, ba kowa kusa. Likkafanin ya motsa. Ya ƙara motsawa. Hannu ya fito, sannan kai ya ɗago a hankali, fuska fari fat, ido a kafe. Ya buɗe baki, sai ga wushiryar.

Wata mata a bayana ta fara salati, ta juya don ta kawar da kai, sai ta yi ido huɗu da Falalu. Shi kansa, da ransa, tsaye a bayanmu da sandar rake da ya sayo min, yana washe baki yana jiran a yaba masa.

Kada ku so ku ga gudu. Ƙafa me na ci ban ba ki ba. Masu goyo suka bar takalma, mai ƙosai ta kifar da kasko, wani dogari ya ranta a na kare ya bar bulalarsa. Falalu yana bin su yana cewa, “Ni ne fa, ni ne, toka ce aka shafa min,” suna ƙara mai. Ni kaɗai na tsaya ina kallonsa, ba don jarumta ba. Ya miƙo min raken yana haki.

“Na iya ko ban iya ba?”

“Ka iya,” na ce, hawaye yana zuba. “Allah ya isa tsakanina da kai, ka iya.”

Kun ga wannan shi ne na farko. Mako guda ba macen da ta je rijiya ita kaɗai. Amma tsoro ne irin wanda ake ci da tuwo, a ba da labarinsa ana ƙyaƙyatawa. Da a nan ya tsaya, da ni ma ina cikin masu dariyar.

Kwana biyu da yin haka, matar marini ta shigo gidanmu aron rariya. Zanena yana kan igiya. Ta tsaya ta shafa shi, ta ce, “Ikon Allah, kamar ba shi ba. Maigidana ya ce da Falalu ya kawo shi har da sauran toka a jiki. Ashe wanda aka naɗe shi da shi ne a majigi.”

Ya Kaka tana tsince wake. Ta ajiye faifan a hankali.

“Me kika ce?”

Matar ta gane ta yi ɓarin baki, ta bar rariyar ta fice. Ya Kaka ta dube ni, ta dubi zanen, sai Barbarci ya ɓalle mata. Ban ji duka ba, amma na ji sunan mahaifiyata a ciki. Da Hausa ta dawo mata, ga abin da ta ce: “Likkafani kika ɗaura, 'yar nan. Likkafani ya kawo miki toshi, kika sa murjanina a kai, kika shiga taro. Na binne uwarki da hannuna, ba zan zauna wani ɗan banza ya auna ki da ranki ba.”

“Ya Kaka, wasa ne. Alawayyo ne kawai, ba wanda ya mutu a ciki.”

“Tukuna dai.”

Da sanda ta sauke shi daga igiya, ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta kai bayan ɗaki ta cinna masa wuta, ta sa ni na tsaya ina kallo. Ban yi kuka a gabanta ba. Sai da na shiga ɗaki na ga shunin da ya bari a ƙuguna, sannan na yi mai isata.

Da yamma Baba ya sa aka kira Falalu. Ina laɓe bayan asabari ina jin komai. Ya durƙusa nesa da buzun Baba, hula a hannu.

“Allah ya gafarta Malam, wallahi rashin sani ne. Na ga ƙyalle mai kyau, na ce ita ta fi cancanta da shi.”

“Rashin sani ya fi dare duhu,” in ji Baba. “Ni ba na bin camfin tsofaffi. Amma ni mutum ne a bainar jama'a. Duk ƙasar nan, daga Gwiwa har Kazaure, an ga gawarka. Yara suna kiranka fatalwa a kasuwa. In na ba ka 'yata, a ce Na'Allah ya aurar da ita ga wa?”

“Ga ni da raina, Malam.”

“Ni na gani. Su ba su gani ba.” Baba ya gyara rawani, ya ƙara da abin da na tabbata gatse ne. “Majigin da ya kashe ka, ya dawo da kai a gaban mutanen da ya kashe ka. Ran nan ka turo magabatanka.”

Kowa ya ji wannan ya san an rufe ƙofa ne cikin mutunci. Ban da Falalu. Washegari Saude ta same ni ina daka, ta karɓi taɓaryar kamar za ta taya ni, ta raɗa min: “Yaya ya bi motar majigi. Ya ce in gaya miki kada ki ba kowa fuska, zai tashi.”

Haka na shiga shekarar da ta fi kowace tsawo a rayuwata. Baba bai yi min dole ba, ban ɗora masa abin da bai yi ba. Amma Ya Kaka ba ta bar ni na sha ruwa ba. Yau ta ce ɗan wane ya gaishe ta da goro, gobe ta ce sa'o'ina duk suna goyo. In na yi shiru ta ce, “Zauna jiran matacce, sai ki tsufa a ɗakina mu riƙa rabon taba.” Wani lokaci kuma in ta ɗauka barci nake, sai in ji tana tofa min addu'a a ka. Tsoro ne yake cin ta, na sani, amma sanin bai rage min zafi ba.

Saƙonsa kuwa a bakin direbobin gyaɗa yake zuwa, ya faɗa kunnen Saude, ya iso ni ya rage rabi. Yaya yana Kano, yana ɗaukar wa masu majigi kaya. Yaya ya koyi tayar da inji. Yaya ya dami Bature da nacin a ɗauki majigi na biyu har ya ce zai duba. Sau ɗaya ya aiko min da ɗan turare a kwalba, da cewa wannan dai ba a naɗe kowa da shi ba. Na yi dariya har na ƙware. Saƙo na ƙarshe ya zo da farkon bazara: an ɗauka, an gama, suna zagayen ƙauyuka da shi, Roni tana hanya. Daga nan shiru. Na ce wa kaina ai mai zuwa ba ya aike.

Ana gab da saukar ruwan fari mai shela ya sake zagawa. Majigin fatalwa kashi na biyu. A wannan karon har daga ƙauyuka aka zo, wasu da layu a damtse, wasu sun zauna bakin hanya don gudu ya yi musu sauƙi. Na ɗaura tsohon zanena na saƙi, na shafa turaren nan. Ya Kaka ta ce ba za ta je kallon shaiɗanci ba, sai ga ta a bayana da 'yar kujerarta. Baba yana gefen hakimi.

Na duba wajen mota, na duba wajen inji, ban ga Falalu ba. Saude ta kutsa ta tambayi direba, ya ce ta tambayi Malam Halliru, shi kuwa dogarai sun kewaye shi. Ta dawo tana murmushi. “Kin san halin Yaya. Yana nan laɓe, sai an gama ya fito mana da rake.” Na yarda, don abin ya yi kama da shi.

Tun kafin a fara mutane suka soma ƙorafi. Ƙyallen bana bai kai na bara ba. Na bara yana share ƙasa, wannan kuwa ya tsaya sama da gwiwar mutum, bakinsa na ƙasa ko kalmasa babu. Wani ya ce hukumar En'e ta fara tsumulmula, aka yi dariya.

Gaskiyar mutanen Roni, na biyun bai yi ba. Fatalwar ta fito tun da fari, da rana tsaka, kowa ya ga toka ce. Ta bi wani tsoho, tsohon yana gudu yana waiwaye yana dariya. Babu kukar nan, babu shirun nan da ya firgita mu bara. Malam Halliru ma kamar ba shi ba. Mutumin da muryarsa kaɗai ta kori gari, yau sai ya faɗi kalma biyu ya yi shiru, hoto yana ta wucewa ba bayani. Yara suka fara jifan juna da ɓawon gyaɗa. Wata ta ce, “Wannan ai an cuce mu, da na sani da na zauna na gama tuwona.”

Sai aka nuno ɗaki, da mutum kwance a tabarma. Ya yi firgigit ya tashi, ashe Falalu ne, ya shafa fuskarsa, ba ƙurji ko ɗaya. Ashe wai duk abin da ya faru bara mafarki yake yi. Ya fita da gudu, ya sami mai lamba, ya naɗe hannun riga ya miƙa damtse. Da aka gama ya juyo ya dube mu sosai, kamar yana neman wani a cikin taro, ya yi dariyar nan tasa. Ya rame kaɗan. Ya sa wata riga mai aljihu da ban san shi da ita ba. Saboda gajartar ƙyallen, ƙafafunsa ba su samu wurin sauka ba, sun faɗa cikin duhu.

Lasifika ta yi ƙara, sannan Malam Halliru ya ce, “Jama'ar Roni, ga Falalu ɗanku. Ku dube shi da kyau. Ya tashi.” Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe, na ɗauka inji ne.

Ba wanda ya gudu. Aka yi tafi sama-sama, aka watse ana cewa na bara ya fi. Ni kuwa ina ta waiwaye. Ba kowa a bayana sai Ya Kaka tana naɗe carbi.

Da safe na kai wa Baba koko a zaure. Ya karɓa, ya daɗe yana juya ludayi.

“Yaron nan ya fi ni gaskiya,” in ji shi. “Ni na faɗa don ya tafi, shi ya ɗauka don ya dawo. Magana kuwa in ta fita ba ta komawa. Ki gaya wa ƙawarki, ya turo magabatansa.”

Ya Kaka tana bakin ƙofa tana ji. “Ni dai ba zan yi guɗa ba,” ta ce, ta juya ciki. Amma na ga tana goge ido da bakin zane.

Ban san sanda na isa gidan su Saude ba. Na ja hannunta muka nufi ƙofar hakimi, mayafina yana jan ƙasa. Motar tana gindin tsamiya ana loda mata kaya. Malam Halliru yana tsaye shi kaɗai, yana ninke ƙyallen. Muka durƙusa muka gaishe shi.

“Malam, Yaya muke nema,” in ji Saude. “In yana cikin mota ne a ce ya fito, wasan ya isa haka.”

Ya dube ta, ya dube ni. “Ke ce Lailatu.”

“Ni ce.”

Ya zauna a kan akwatin inji. “Gidanku zan je yanzu, ƙanwata,” ya ce da Saude. “Tun jiya ya kamata, amma ya ɗaure ni da alkawari. Ya ce kada in buɗe baki sai gari ya gan shi ya tashi.”

Saude ta kama hannuna ta matse.

“A wani ƙauye ne, can hanyar Babura, da tsakiyar zafin nan. Mun tarar sanƙarau ya shiga garin. Muka ce mu wuce, Falalu ya ce a bari ya taya su haƙa kaburbura, don masu haƙan sun gaji. Kwana biyu ya yi yana taya su. A na uku ya ce wuyansa.” Ya shafa ƙyallen. “Bai daɗe ba. Allah ya ji ƙansa, ya cika da kalmar shahada.”

Na ji Saude tana salati, na ji ta zube. Ni ban ji komai a jikina ba. Bakina ne kawai ya ce, “Jiya na gan shi.”

“Kin gan shi.”

“Wa ya yi masa sutura? A garin da ba shi da kowa?”

“Mu muka yi. Sai dai garin an yi ta mutuwa har alawayyo ya ƙare, ko kamu ɗaya babu a kasuwa.” Ya sunkuyar da kai, ya juyo da bakin ƙyallen da yake hannunsa, wajen da ba kalmasa, inda zare yake zazzarewa. “Muka rasa yadda za mu yi. Sai muka yanka daga nan.”

Na miƙa hannu na taɓa wurin. Almakashin ma ba shi da kaifi, yankan ya tafi a karkace. A kan wannan na kalle shi jiya yana dariya, sauran kuwa yana jikinsa a ƙarƙashin ƙasa. To ku gaya min, ku da kuke bin labarina. Bara an nuna min shi a mace, yana tsaye a bayana da rake. Bana an nuna min shi da rai. Wanne ne abin tsoro?

“Akwai saƙo ɗaya,” in ji Malam Halliru. “Ya ce in tambaye ki, ko Malam mahaifinki ya gan shi da kyau?”

“Ya gan shi,” na ce. “Ya ce ya turo.”

Malam Halliru ya rufe fuskarsa da hula.

Na ɗago Saude, na gyara mata ɗankwali, muka kama hanya ina riƙe da ita. Mun kai kwanar marina ke nan sai na jiyo guɗa daga wajen gidanmu, doguwa, tana rawa irin ta tsofaffi. Na san muryar. Ya Kaka ce, wadda ta ce ba za ta yi ba, kuma ni ce zan shiga in ce mata ta yi shiru.